Yadda Ake Fara Aiki da Tsohuwar Kyamara Mai Naɗewa ta Fim 120 a Bauchi

Kyamara mai naɗewa ita ce wadda idan an rufe ta take komawa kamar ƙaramin littafi, ta shige aljihun babbar riga. Idan aka danna maɓallinta sai ƙofa ta buɗe, gilashi ya fito gaba a kan wata baƙar fata mai ninki-ninki irin zugazugin maƙera. Ba ta da batir, ba ta auna haske, yawancinsu ma ba sa auna nisa. Duk abin da wayar hannu ke yi wa mutum a ɓoye, a nan shi zai yi da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ladan wannan wahala shi ne girman dodon hoton, wato hoton da ke fitowa a jikin fim bayan wanki, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Fim ɗin da take ci, wanda ake kira 120, faɗinsa kusan santimita 6 ne, kuma kamfanin Kodak ne ya fito da shi tun 1901. Dodon hoto mai 6x6 ya ninka na ƙaramin fim 35 sau uku da rabi, mai 6x9 kuwa ya ninka shi fiye da sau biyar. Shi ya sa ko gilashin ba na alfarma ba ne, zaren aikin wuyan riga da tsagen fuska suke fitowa ras.

Wacce ce a hannunka

Ka fara buɗe bayanta ka auna tagar da fim ke kwanciya a kanta. In murabba'i ce, 6x6 ce, hoto 12 take bayarwa a naɗin fim ɗaya. In doguwa ce, 6x9 ce, hoto 8. Ƙaramar, 6x4.5, hoto 16. Waɗanda aka fi cin karo da su na Jamus ne, daga shekarun 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1950: Nettar da Ikonta na Zeiss Ikon, Isolette da Billy Record na Agfa, Bessa da Perkeo na Voigtländer. Akwai Ensign Selfix ta Ingila, da Moskva ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet.

Sai ka duba cikin murfin baya ko an rubuta lambar fim. In ka ga 120 ko B2, kana kan hanya. In ka ga 620, kamar yadda yake a yawancin na Kodak, akwai ƙarin aiki. Fim ɗin iri ɗaya ne, amma kwarkwaron 620 ya fi siriri, kuma Kodak ya daina yin fim 620 tun 1995, don haka sai ka warware 120 a cikin duhu ka sake naɗe shi a tsohon kwarkwaron 620. Mai farawa ya bar wannan tukuna. In kuwa 116 ko 616 ce, ta ado ce, a sa ta a kabad.

Sunan gilashin yana rubuce a zoben gaba. Novar, Agnar, Apotar da Vaskar masu gilashi uku ne. Tessar, Solinar da Skopar masu huɗu ne, sun fi kyau a gefe-gefen hoto idan aka buɗe su sosai. Kada wannan ya ɗauke maka hankali wajen saye. A ranar Bauchi kusan kullum a f/11 ko f/16, wato da ƙaramar kafar shigar haske, za ka yi aiki, kuma a nan bambancin ya yi ƙanƙanta. Nettar mai lafiyayyar fata da Novar ta fi Isolette mai Solinar da fatarta ta huje.

Bincike kafin a saka fim

Nan ne wurin da ya kamata a ɓata lokaci, domin fim daga nesa yake zuwa kuma da tsada.

Fara da buɗewa. Ka tare ƙofar da tafin hannu lokacin da ka danna maɓalli, ka raka ta a hankali har ƙarafunan gefe biyu su ce ƙas. Ka kama gilashin da yatsu ka ɗan girgiza shi. Bai kamata ya motsa ba. In yana rawa, ko ka kalle shi daga sama ka ga ya karkace, to gefe ɗaya na kowane hoto zai fito dishi-dishi, kuma gyaran wannan yana da wuya ƙwarai. Wajen rufewa, mayar da zoben nisa kan alamar ∞, wadda ke nufin nesa iyakar gani, ka danna gwiwar ƙarafunan biyu tare, sannan ka tura ƙofar. Wanda ya tura ƙofa da ƙarfi ba tare da ya karya gwiwar ba, shi ne ke lanƙwasa su.

Sai fatar. Ka shiga ɗaki da dare ka kashe wuta, ka buɗe bayan kyamarar, ka cusa tocilan waya a cikin fatar, ka ba idonka minti biyu ya saba da duhu. Daga nan ka bi kusurwoyin ninkin ɗaya-ɗaya, kana ɗan motsa fatar. Duk inda ka ga ɗigon haske kamar tauraro, huda ce. Huda kamar tsinin allura ta isa ta zana jan layi ko farin tabo a kowane hoto, domin ranar tsakar gida ba wasa ba ce. In biyu ne ko uku, a shafa baƙin fentin yadi ko baƙin ruwan roba na masu wayarin da tsinken ashana, siriri-siriri sau biyu, a bar kyamarar a buɗe kwana biyu kafin a ninke ta, in ba haka ba ninkin zai manne. In kusurwoyin duk sun zama rariya, faci ba zai riƙe ba, sai sabuwar fata. Wannan ciwon na Agfa ne musamman, saboda yawancin fatunsu ba fatar gaske ba ce. Na Zeiss Ikon sun fi jure shekaru.

Agfa na da ciwo na biyu: giris ɗin da suka sa a zaren gilashin gaba yana daskarewa ya zama kore kamar siminti. Za ka ga zoben nisa ya ƙi juyawa, ko kuma, abin da ya fi muni, zoben yana juyawa amma gilashin yana tsaye. Kada a sa filaya. Ana kwance ƙananan kusoshi uku na zoben, a ciro gilasan da suka manne, a jiƙa zaren da sifirit ko man laita na kwanaki, a ɗan ɗumama, har ya saki. Bayan haka dole a sake saita nisa.

Gwajin nisa kuwa kowace kyamara tana bukatarsa. Ka manna takarda mai shara-shara, irin ta kwafin zane, a miƙe tsaf a kan tagar fim. Ka sa shota, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga, a kan harafin B, inda take zama a buɗe muddin ana danne da kunama, ka buɗe kafar haske iyakarta, ka danne kunama, ka lulluɓe kanka da baƙin zane kamar masu hoton da. Ka auna dogon ƙarfen sabis ɗin waya da ke nesa, mita 200 ko fiye. Hoton zai bayyana a kife a kan takardar. Idan zoben yana kan ∞, ƙarfen ya kamata ya fito tar. Sannan ka aje kwalba a mita 2 daidai, da tef ɗin tela ka auna daga bayan kyamarar, ka ga ko lambar zoben ta yi daidai da inda kwalbar ta fi fitowa. Tabarau na karatu ko madubin mai gyaran agogo zai taimaka.

Shota ita ce ƙofar ganyayyakin ƙarfe da ke cikin gilashin, wadda ke buɗewa ta rufe cikin ƙiftawar ido. Ana ɗana ta da wani ɗan hannu a saman gilashin kafin kowane hoto, kamar yadda ake ɗana tarko. Vario ita ce mai sauƙi, gudu uku ne da B, mafi sauri 1/200, wato kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa. Prontor-S da Prontor-SV suna tashi daga daƙiƙa 1 zuwa 1/300. Compur-Rapid da Synchro-Compur kan kai 1/400 ko 1/500. Ka ɗana ka saki a kowane gudu kana leƙawa ta baya. A daƙiƙa 1 ya kamata ka ji ƙara mai santsi, zzzz, ta ƙare daidai. In ta yi jinkiri ko ta tsaya a hanya, tsohon mai ne ya daskare a cikin haƙoran agogonta. Sau da yawa daga 1/25 zuwa sama suna aiki ko da na ƙasa sun maƙale, kuma su ne za ka fi amfani da su, don haka wannan bai hana farawa ba.

Abu uku ne ke kashe shota a hannun sabon shiga. Na farko, mai. Ko ɗigon man keken ɗinki ya taɓa ganyayyakin, sun manne ke nan, a bushe suke aiki. Na biyu, ɗan jan hannun nan na jinkirin ɗauka, wanda ke ba mai hoto damar shiga cikin hoton. Shi ne ya fi kowane sashe daɗewa ba a taɓa shi ba, in ya tsaya a tsakiya ya kulle shotar gaba ɗaya. A bar shi. Na uku, a Compur, kada a murɗa zuwa gudu mafi sauri bayan an ɗana, saboda akwai wani ƙarin sifirin mai tauri a wurin. A zaɓi gudu tukuna, sannan a ɗana. In gyara ya zama dole, tsohon mai gyaran agogon hannu mai wani ya fi mai gyaran waya fahimtar abin da ke ciki, amma a gaya masa kada mai ya kusanci ganyen.

Daga ƙarshe ka haska gilashin da tocila daga baya. Ƙura kaɗan ba komai. Hazo fari yana rage ƙarfin hoto, amma yakan gogu. Zare-zare kamar saƙar gizo funfuna ce, in ta daɗe takan ci jikin gilashin. A hure ƙura da famfon roba kafin a goga, domin ƙurar hunturu yashi ce, kuma gilashin wancan zamani yana da taushi. Bakin riga ba abin goge shi ba ne.

Fim ɗin da ya dace da ranarmu

Fara da baƙi-da-fari mai ISO 100 ko 125 (ISO ita ce lambar saurin kama haske na fim): Fomapan 100, Kentmere 100 ko Ilford FP4 Plus. Da yawa suna sayen mai 400 saboda shi aka fi yabo a ƙasashen da rana ba ta da ƙarfi. A Bauchi da tsakar rana, fim mai 400 a kyamarar da iyakarta 1/200 zai tura ka zuwa f/22, ba sauran wurin motsi. Mai 400, irin HP5 Plus ko Tri-X, na inuwa ne, da zaure, da bayan la'asar sakaliya. Fim mai launi irin Kodak Gold 200 ko Portra yana aiki lafiya, amma kada ka saya sai ka tabbatar da wanda zai wanke maka 120, domin ba kowane mai wanke 35 ne ke karɓar sa ba.

Zafi maƙiyin fim ne. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai wa digiri 40, kada a bar shi a mota ko ɗakin da kwano ke gasa shi. Firji yana da kyau in wutar tana zama. In firjin yana sanyi yana hucewa kullum, gara lungu mafi sanyi a ɗaki, domin raɓa tana sa takardar bayan fim ta manne da shi, lambobinta su fito a cikin hoton. Wanda ya fito daga firji a bar shi awa uku a cikin ledarsa kafin a yage. Mai zuwa da shi ta jirgi ya roƙi a duba da hannu, sababbin na'urorin binciken kaya na filin jirgi suna ɓata fim.

Saka fim

A inuwa ake yi, ba a tsakar rana ba. Kana bukatar kwarkwaro fanko guda ɗaya, wanda yawanci ke cikin kyamarar daga fim na ƙarshe da aka ɗauka. In babu, nemi ɗaya tun kafin ranar. Ka mayar da shi ɓangaren da mabuɗin naɗi yake, ka juya mabuɗin har haƙorinsa ya shiga tsagar kan kwarkwaron. Ka sa sabon fim a ɗaya ɓangaren, sannan ka yanke takardar da ta ɗaure shi, ka cire ta duka, don guntunta yakan faɗa cikin fata ya tare hoto. Babban yatsanka ya zauna a kan naɗin kada ya warware. Ka ja harshen takardar ya haye tagar, baƙin gefen yana kallon gilashi, gefe mai rubutu yana kallonka. Ka cusa harshen a doguwar tsagar kwarkwaron, ka naɗa sau biyu ko uku kana lura ko takardar tana tafiya a miƙe tsakanin bakunan biyu. In ta hau gefe ɗaya, warware ka gyara yanzu. Ka rufe baya.

Yanzu ka buɗe jar tagar da ke baya ka ci gaba da naɗawa a hankali. Za a daɗe ba a ga komai ba, sai kibau ko layuka su wuce, sai ɗige-ɗige ko da'irori, sannan lamba 1. A wasu finafinan lamba 1 kamar sanda take kawai, kuma tawadar ba ta da duhu, shi ya sa da yawa suke wuce ta. In ka wuce, ba a komawa baya. Jar tagar an yi ta ne a zamanin da fim ba ya ganin jan haske. Na yau yana gani. Saboda haka ka juya wa rana baya lokacin leƙawa, ka rufe marfin tagar da zarar ka gama, in ba ta da marfi ka manna baƙin tef.

In taga biyu ce, ka natsu. A tsofaffin 6x4.5, kowace lamba daga 1 zuwa 8 sau biyu ake amfani da ita, a taga ta farko sannan a ta biyu. A masu 6x9 da ke da farantin rage girma zuwa 6x6, kamar Moskva-5, kowace taga da girmanta, sai ka duba ko farantin yana ciki.

Haske da nisa

Lambobin f su ne girman kafar da haske ke bi. Babbar lamba, ƙaramar kafa. Daga f/16 zuwa f/11 haske ya ninka, haka daga f/11 zuwa f/8, zuwa f/5.6. Da fim mai 100, ka bar shota a 1/100 ka riƙa canza kafa kawai. Rana tsantsa mai inuwa baƙa ƙirin, f/16. Hazon hunturu da rana ke leƙowa ta cikinsa, inuwa ta yi laushi, f/11. Hadarin Agusta da babu inuwa sam, f/8. Ƙarƙashin darbejiya ko rumfar kasuwa mai buɗaɗɗen gefe, f/5.6. In fuskar baƙin mutum ce a ƙarƙashin hula ko rawani kake so ta fito da kyau, ƙara mataki ɗaya a kan abin da lissafi ya ba ka. Manhajar auna haske ta waya tana taimakawa a wurare masu rikitarwa. In kana shakka, ƙara haske. Fim yana jure yawansa, amma abin da bai samu haske ba a inuwa babu wankin da zai dawo da shi. Tsofaffin shotoci ma yawanci sun ɗan rage gudu, wanda ke kai kuskuren ɓangaren da ba ya cutarwa.

Nisa shi ne inda aka fi faɗuwa. Da farko ka tabbatar ko lambobin zoben mita ne ko ƙafa, domin waɗanda aka yi wa kasuwar Ingila da ƙafa aka rubuta su. In lambobin sun tashi daga 1 ko 1.2 zuwa 10 ko 15, mita ne. In daga 3.5 ko 4 zuwa 30 ko 50, ƙafa ne. Tagar leƙen da ke sama ba ta nuna maka ko nisa ya yi daidai, iyakar hoton kawai take nunawa. Sai ka koyi kintace da abin da ke gabanka: taku huɗu na babban mutum kusan mita 3 ne, tsawon Keke Napep ya ɗan haura mita biyu da rabi, bulo ɗaya santimita 45.

Ƙaramar kafa tana yafe kuskure. Da gilashi mai milimita 75 a f/11, in ka saita mita 3, daga kusan mita 2.4 zuwa 4 duk zai fito. In ka saita mita 8 a f/16, daga mita 4 har ƙarshen gani. Amma a f/4.5 da mita ɗaya da rabi, abin da ke fitowa bai kai taƙi ɗaya ba, ido ya fito kunne ya ɓace. Don haka hoton fuska na kusa da tef ake auna shi, ba da ido ba. Masu 6x9 gilashinsu milimita 105 ne, kuma sun fi rashin yafiya. A kyamarorin Zeiss Ikon za ka ga jan ɗigo a zoben nisa da wani a tsakanin f/8 da f/11 ko kusa da nan. In ka daidaita su biyun, ka samu saitin yawo a gari, komai daga 'yan mitoci zuwa nesa zai fito.

Tagar leƙen tana sama da gilashin, ba abu ɗaya suke gani ba idan an matso. Ƙasa da mita 2, ka bar sarari a saman kai, in ba haka ba hular za ta yanke.

Jerin ɗauka

Ka riƙe tsari ɗaya kada ka canza: buɗe kyamara, naɗa fim zuwa lamba ta gaba, saita nisa, saita kafa da gudu, ɗana, leƙa, danna. Dalilin sa naɗi bayan buɗewa shi ne fatar tana zuƙar iska lokacin da take miƙewa, takan janyo fim ya kumbura daga wurinsa, musamman a 6x9, ta kuma watsa masa ƙura. Naɗi bayan buɗewa yana kawo sabon fim a miƙe. Da wannan tsari, duk lambar da ka tarar a jar taga an riga an ɗauke ta, ban da lamba 1 da ka tsaya a kai lokacin saka fim. Wasu sun fi son naɗawa nan take bayan ɗauka, kuma wannan ma yana aiki. Abin da ba ya aiki shi ne haɗa biyun, nan ne ake samun hoto biyu a kan juna ko fanko a tsakiya. Wasu samfura suna da kulle da ke hana dannawa sai an naɗa, da ɗan jan ɗigo kusa da kunama.

Ka manna gwiwar hannu a jiki, ka riƙe numfashi, ka matsa kunama a hankali maimakon dukanta. Da hannu kada ka sauka ƙasa da 1/50 a 6x6, ko 1/100 a 6x9. Abin da ya fi haka jinkiri, kamar cikin zaure ko cikin ginin kabarin Tafawa Balewa inda haske da duhu ke cakuɗe, sai a ɗora ta a kan maɗori mai ƙafa uku ko katanga, a yi amfani da igiyar dannawa. A hawan sallah a ƙofar fada, ka zaɓi wuri guda a hanya, ka saita nisansa tun kafin dawaki su iso, ka sa gudu mafi sauri, ka jira su shigo wurin. Dokin da ke tahowa wajenka ya fi sauƙin kamawa a kan wanda ke gilmawa. Gilashin kafin yaƙin duniya na biyu ba shi da shafen hana ƙyalli, rana ta taɓa shi hoto ya yi fari-fari, don haka ka bar ta a bayanka ko ka yi masa inuwa da hula.

Wannan kyamara ba a ɓoye ta, kuma tana tara mutane. A kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ka yi sallama ka nemi izini, ballantana in akwai mata a wurin, ka kuma faɗa tun farko cewa hoton ba ya fitowa nan take. Wuraren jami'an tsaro a kauce musu.

Naɗi na farko na gwaji ne. Kada ka kai shi biki. Ka ɗauki abu a mita 1.5, a mita 3, da nesa, ka gwada kowane gudu, ka bar kyamarar a buɗe a rana minti biyu a kan lamba ɗaya don gwada fatar, ka rubuta saitin kowace lamba a takarda.

Cirewa da wanki

Bayan lamba ta ƙarshe ka ci gaba da naɗawa har wutsiyar takarda ta wuce taga, mabuɗin ya saki. Ka buɗe a inuwa, ka riƙe naɗin gam, ka lanƙwasa bakin takardar ciki, ka manne da ɗan tef ɗin da ke jikinta. In naɗin ya fito sako-sako, ya kumbura ya wuce bakin kwarkwaro, kada ka ja shi a haske. Ka cusa shi aljihu nan take, ka naɗe da takardar alminiyam. Kwarkwaron da ya rage fanko shi ne na gaba, kada a yar.

Baƙi-da-fari a gida ake wanke shi. Kayan su ne tankin Paterson da faifansa da ake buɗewa zuwa faɗin 120, baƙar jakar canji ko ɗaki mai duhu ƙirin da dare, ma'aunin zafi, sirinji, kofin awo, ruwan fito da hoto, da fiksa, wato ruwan da ke zaunar da hoton ya hana haske ɓata shi. Naɗin 120 ɗaya yana cin mililita 500. A duhu ake raba fim da takardarsa a ɗora a faifai, kuma faifan da hannun su bushe ƙayau, gumi kaɗan ya sa fim ya cije. A lokacin zafi a wanke hannu da ruwan sanyi a yi sauri. Ka fara koyo da lalataccen fim a haske.

A cikin ruwan fito da hoto, Rodinal ya dace da mai wanki jefi-jefi domin yana daɗewa a kwalba bai mutu ba: mililita 10 a ruwa 500, a yi amfani sau ɗaya a zubar. Da FP4 Plus minti 15 ne a digiri 20. In ID-11 ne aka haɗa rabi da rabi da ruwa, minti 11. Ruwan tankin sama a Bauchi ya wuce digiri 20 nesa ba kusa ba in ba a tsakiyar hunturu ba, don haka a sanyaya da ƙanƙara ana duba ma'auni, a kuma tsoma tankin a bokitin ruwa mai sanyi iri ɗaya. In ya tsaya a 23 ko 24, a rage kusan kashi 10 cikin 100 na lokacin ga kowane digiri, amma kada ya gaza minti 5. Ana kifa tankin sau huɗu a farkon kowane minti, a ɗan buga gindinsa don kumfa ya tashi. A zubar, a ɗauraye da ruwa, a zuba fiksa kashi 1 a ruwa kashi 4 na minti 5. Ɗauraya ta ƙarshe ba ta bukatar famfo: a cika a kifa sau 5 a zubar, a sake sau 10, a sake sau 20. Duk ruwan su kasance kusan zafi ɗaya, tsalle daga sanyi zuwa ɗumi yana tsattsaga fuskar fim. Ruwan rijiya ko burtsatse mai laka ko gishiri yana barin tabo, ruwan leda ko na gora ya fi don haɗi da ɗaurayar ƙarshe. A shanya a banɗakin da aka watsa wa ruwa aka rufe ƙofa, da maƙali sama da ƙasa, awa biyu ba fanka.

Idan ya bushe, ka ɗaga shi a haske tare da takardar da ka yi rubutu. Baƙin tabo a wuri ɗaya a kowane hoto, fata ce. Baƙin da'ira a bayan inda lamba take, jar taga ce. Baƙi-baƙi a bakin fim sama da ƙasa, naɗi ne ya yi sako-sako. Dogon karce daga farko zuwa ƙarshe, tsatsa ce ko yashi a kan ƙananan sandunan da fim ke birgima a kai, a goge su har su riƙa juyawa. Gefe ɗaya dishi-dishi, ƙarafunan ƙofa ne. Hoto ya fito fayau kamar ruwa amma rubutun kamfani a bakin fim ya yi baƙi sosai, haske ne ya yi kaɗan. In rubutun ma ya kwanta, laifin wanki ne. Alamar jinjirin wata ƙarama, lanƙwasa ce lokacin ɗorawa a faifai.

Don ganin hoton, a ɗora dodon a kan farin haske mai laushi, a ɗan ɗaga shi daga fuskar allon kada ɗige-ɗigen allon su fito, a ɗauka da waya a miƙe, a juya baƙi ya koma fari da manhaja. Kyamarar kuwa a ajiye ta ba a ɗane ba, a ninke. Da hunturu a sa ta a leda mai zif saboda ƙura. Da damina a raba ta da tsohuwar jakarta ta fata, wadda ke riƙe danshi, a sa ta a roba mai murfi da ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi irin na kwalin takalmi, a riƙa fito da ita sau ɗaya a wata ana buɗewa ana ɗana kowane gudu sau biyar-biyar.